Yarinyar Bazaga

Tun ranar da aka kira Mushe Imoru, kamar yadda ake ce masa da Faransanci, zuwa buro, wato ofis, aka shaida masa an sallami ma'aikata 'yan Dahome, kowa ya koma ƙasarsa, matarsa Kyauta ba ta ce za ta bi shi ba, ba ta kuma ce ba za ta ba. Tana tuƙa tuwo, tana wanke wa yara, tana share tsakar gida kamar kullum. Sai dai maganarta ta ragu, ita da dama ba mai yawan magana ba, kuma in ta zuba abinci takan zauna ta dubi kwanon har ya huce.

Imoru ya daɗe a gidan waya na Birnin Konni. Mutumin Jugu ne, can arewacin Dahome, musulmi mai sanyin hali, da Hausarsa ta zango wadda ba ta bambanta mace da namiji. Ya auri Kyauta tana bazawara, bayan rasuwar mijinta na fari, Mutari, manomi a wani ƙauye kusa da Bazaga. Sun haifi Maman, wanda yanzu ya iya gudu, da Ladi da ke goye. Mutanen unguwa suna son Imoru, suna kuma yi masa dariya, saboda yakan ɗora Maman a wuya ya ratsa kasuwa da shi, yana kiran sunansa da ƙarfi, alhali ɗansa ne na fari. Tsofaffi su kau da kai, su ce baƙo ne, bai sani ba.

Shi dai ya shiga shiri. Ya ba maƙwabci kujerunsa, ya kwance gadon ƙarfe, ya yi magana da wani direban kamyo, babbar motar kaya, da zai kwashe su da wasu iyalai har bakin kogi a Gaya kafin azumi. Kowace yamma in ya dawo sai ya zauna bakin murhu ya yi ta kwantar wa Kyauta da hankali. Ya ce a Jugu akwai unguwar Hausawa guda, har da mutanen Gobir da na Adar. Ya ce ana kiran salla kamar nan. Ya ce uwarsa tsohuwa ce mai sauƙin kai, ba ta sa ido a tukunyar kowa. Da ya ga ba ta tanka ba sai ya koma kan abinci: doya ba ta da wuyar sabo, in kuma hura take tunani, zai sayi hatsi buhu guda su tafi da shi.

Kyauta ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin ita yake samu kullum, ya kwana yana juya ta bai san inda ta dosa ba. Ita kuma ta gaji da jin amsar tambayoyin da ba ta yi ba. Ba doya ke damunta ba, ba uwar miji ba. Abin da ke damunta yana zuwa Konni kowace Laraba, ɗauke da ƙwaryar wake a ka.

Tana da ɗiya da Mutari, sunanta Tsahara, ita ce ta fari. Tun da aka yaye ta kakarta Uwani, uwar Mutari, ta ɗauke ta, da ya rasu kuma ta ci gaba da zama a gidan ubanta, hannun yayansa Labo. Kyauta ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba. Ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, ba ta taɓa duban fuskarta kai tsaye ba. Haka uwarta ta yi da nata ɗan farin, haka duk macen da ta san kanta take yi. In magana ta kama dole sai ta ce "yarinyar Bazaga", ko ta ce "waccan".

Larabar nan ma ta goya Ladi ta tafi kasuwa. Uwani na zaune inda ta saba, layin masu wake, da tiyarta ta awo a gaba, yarinyar na gefenta. Kyauta ta durƙusa ta gaida tsohuwar, gaisuwa mai tsawo, gida da gona da awaki da ciwon gwiwa, idonta a kan waken. Daga nan take ganin abin da ta zo gani. Ƙafafun yarinyar sun ƙara tsawo, zanen ya ɗage mata har ƙwauri. Ƙurjin da ke idon sawunta makon jiya ya bushe. Dunduniyar hagu ta fara tsagewa. Ba wanda ya ce mata komai, yarinyar ta zagayo ta kwance Ladi daga bayan Kyauta ta rungume, tana yi mata waƙar banza a kunne. Kyauta ta ji yatsun sun taɓa bayanta wurin kwance goyon, ta ci gaba da tsintar tsakuwa a waken da ba saya za ta yi ba.

Da za ta tashi ta ajiye ɗan ƙullin man shanu kusa da tiya.

"Inna, ga wannan, ko akwai mai kaushi a gida."

Uwani ta tura ƙullin ƙarƙashin zanenta ta ce, "Akwai."

Ba su yi zancen tafiya ba, ko da yake kasuwar duka ta sani.

Wannan ke nan abin da take da shi, Laraba zuwa Laraba, shekara da shekaru. In ta haura kogi ya ƙare. In kuma ta zauna, Imoru zai tafi da Maman, Ladi ma in an yaye ta za a aiko a ɗauka, don yara na ubansu ne. Ta juya abin ta kowace fuska har ta daina juyawa, ya zauna mata a ƙirji kamar tuwon da bai narke ba.

Imoru bai san komai a ciki ba, kuma ba laifinsa kaɗai ba ne. Farkon aurensu, a gaban abokansa biyu da suka zo cin abinci, ya taɓa cewa a ɗauko ɗiyarta ta zauna da su ya sa ta lakwal, makarantar boko. Kyauta ta ji kamar ƙasa ta tsage. Ta ce ba ruwanta da wata yarinya, ta shige ɗaki. Shi kuwa ya ɗauki maganar yadda ta fito. Ya yi mamaki, ya ɗan ji ba daɗi, ya ce a ransa wataƙila auren fari bai yi mata daɗi ba har ba ta son abin da zai tuna mata da shi. Bai sake tayar da zancen ba, don kada ya ɓata mata rai.

Gwaggon Kyauta, Dije, mai sayar da hura a tasha, ita ta gaji da kallonsu. Imoru ya tsaya wurinta ran nan yana kukan matarsa ba ta cin abinci, yana tambaya ko akwai wani magani. Dije ta ci gaba da dama hurarta, ta ce shekara nawa yana karanta wayar mutane daga Yamai har Damagaram, bai iya karanta matar da ke ɗakinsa ba. Ta tambaye shi ina yake zaton take zuwa kowace Laraba ta dawo ba ta sayo komai ba. Sannan ta yi masa bayani dalla-dalla, kamar yadda ake yi wa yaro. Ta so ta ƙara da cewa ya bar mata sauran, ita za ta san yadda za ta bi da tsohuwar, amma motar Madawa ta tsaya, fasinjoji suka rufe ta da ƙorai, da ta ɗago ya tafi.

Washegari bai ce wa kowa komai ba, ya sa kakinsa na aiki, ya hau keke ya nufi Bazaga. Sai dab da magariba ya dawo, gumi ya jiƙa masa riga, fuskarsa ba daɗi amma da alamar mutumin da ya sauke nauyi. Ya jingina keken ya zauna kan turmi ya ba Kyauta labari. Ya ce ya je ya samu Labo. Ya ce ya gaya masa gaskiya tsakani da Allah: ya zo ne a ba shi Tsahara su tafi da ita Jugu, zai riƙe ta kamar tasa. Ya ce ya faɗa musu uwar yarinyar ta daina ci, ta rame, ba abin da take so a duniya kamar ɗiyar nan, duk Laraba don ita take zuwa kasuwa. Labo dai ya ƙi, amma yana ganin in ya koma jibi zai sauko.

Kyauta na riƙe da muciya. Ta ce, "A gaban wa ka faɗi wannan?"

"Bakin masallaci, bayan la'asar. Kowa yana nan, har liman. Na ga gara a yi a fili."

"Mi Labo yac ce?"

Ya ce wasu sun yi dariya, sannan Labo ya miƙe ya ce ɗiyar ƙanensa ba kaya ba ce da za a ɗora a bayan keke, muddin yana da rai ba za ta haura kogi ba, jama'a su shaida.

Ta ajiye muciyar ta zauna a ƙasa. Ba ta yi fushi ba, ƙarfin fushin ma babu. Ta dubi mutumin nan da ya tuƙa keke yini guda cikin rana saboda ita, ya je ya kwance mata zane a gaban surukanta, ya kuma rufe ƙofar da ta rage, yana jiran ta ce ya kyauta. Ta ce masa kada ya koma jibi. Ta ce ruwan wanka na bayan ɗaki.

Kwana biyu bayan haka ta bar Maman wurin Dije, ta goya Ladi, ta shiga kamyon gyaɗa mai zuwa Dogon Dutsi. Ta sauka Bazaga ta bi turba cikin gonaki. An gama girbi, karan hatsi a zube, rumbuna sababbin yaɓe a bakin gari. Ta san kowace bishiya a hanyar nan. Matan da ke bakin rijiya suka amsa gaisuwarta da fara'a fiye da kima, wata ta ce, "Maraba da mai son ɗiya," sauran suka tuntsire, wata tsohuwa ta tsawata musu tana danne tata dariyar. Kyauta ta ja mayafi ta wuce.

Ta samu Uwani a inuwar ɗakinta tana kaɗi. Yarinyar ba ta nan, an aike ta itace. Suka gaisa. Tsohuwar ta karɓi Ladi ta ɗora a cinya, ta ce mata kishiya, ta ce ta zo ƙwace mata miji ne da wannan ƙaton kai. Sai da ta gama wasanta ta miƙa ta, ta ɗauki mazarinta, ta murza.

Ta ce mijin nan na Kyauta mutumin kirki ne, amma Allah bai ba shi kunne ba. Da Dije ce ta zo da goro ta shigo nan ɗaki, da sun yi maganarsu ta mata. Da an ce yarinya za ta bi Yayarta, kamar yadda take kiran Kyauta, ta riƙe mata goyo zuwa yaye. Aro ne, ba kyauta ba, Labo zai yi gunaguninsa ya kau da kai, yaye kuma ba a sa masa rana. Haka aka yi da ɗiyar maƙwabcinsu Mahaman da ke Gusau, ga ta can har ta yi aure. Amma yanzu maza sun ji, liman ya ji, Labo ya rantse a tsaye.

"Ni na haife shi," in ji ta. "Ko ni yanzu ban iya lanƙwasa shi. In yab ba da ita, ba ya sake zama bakin masallacin nan."

Kyauta ta daɗe tana duban zaren yana hawa mazari. Sannan ta faɗi abin da ba ta faɗa wa kowa ba.

"Inna, in na zamna fa?"

Tsohuwar ba ta ɗago ba. Ta ce in ta zauna za ta koma ɗakin Dije, ta taya ta dama hura, bayan idda wani mai mata biyu ya fito. Maman zai tafi yana kuka, ya yi kukan ya gaji, matar da ubansa zai aura ta riƙe shi yadda ta ga dama. Wannan ta cinyar kuma ta sha nononta ta ƙare a zo a ɗauka.

"Duk wannan don ki zo ran Laraba ki dubi wake. Shekara ukku, huɗu, an yi mata aure, ko Larabar ba ki samu."

Kyauta ta gyara wa Ladi zama a cinyarta.

"Waccan ta iya zama ba ke. Tun tana rarrafe munka koya mata, ni da ke. Waɗanga biyu ba su koya ba. Kina son su koya?"

Ta faɗe shi ba da zafi ba, kamar mai faɗin farashin gishiri. Kyauta ta ji maganar ta shige ta ta zauna, ba ta sami inda za ta kama ta musa ba. Ta so ta ce ba ita ta zaɓi koya wa yarinyar haka ba, amma ba a faɗa wa tsohuwa wannan, kuma ita ma tsohuwar ba ita ta zaɓa ba. Akuya ta leƙo ta zauren, Uwani ta jefe ta da ɓawon gyaɗa.

Can tsohuwar ta ce abu ɗaya za ta iya yi. In Allah ya kai yarinyar ɗakinta ta haihu, na farin na Kyauta ne, ko tana bayan kogi bakwai za a kai mata bayan yaye, wannan ko Labo ba shi da ta cewa. Za ta faɗa a gaban mutane tun tana da rai. Kyauta ta yi godiya. Ta lissafa a ranta tsawon lokacin, ta ga tsohuwar ba za ta kai ba, ta ga ita ma lokacin ta zama wata mace dabam mai jin wani yare. Duk da haka ta sake yin godiya.

Yarinyar ta dawo da itace, ta sauke, ta durƙusa daga nesa ta ce, "Yaya, sannu da zuwa." Kyauta ta amsa tana duban bango. Aka kawo hura ta kurɓa don kada a ce ta ƙi. Da rana ta karkata ta yi sallama. Labo bai shigo ba, ita ma ba ta neme shi ba.

Uwani ta ce da yarinyar, "Ke, ɗauki kishiyata ki raka baƙuwa bakin hanya. Kada ki tsaya wasa."

Suka fito, yarinyar a gaba da Ladi a baya, goyon ya yi mata girma, tana tafiya tana gyara shi da gwiwar hannu. Kyauta na biye. Ba kowa a turbar. Daga baya tana iya dubanta yadda take so: wuyan, kitson da ya tsufa ya kamata a tsefe, kunnen hagu da ya fi na dama fitowa kamar na Mutari, yadda take jefa ƙafa. Ta yi ta duba har suka wuce gonar liman, suka wuce marken da aka sare rabinsa. Ta lura tana rage sauri, yarinyar ma ta rage.

A bakin hanya suka tsaya ƙarƙashin wata aduwa. Ba mota. Yarinyar ta tsinci aduwa biyu ta goge a zane, ta sa ɗaya a baki. Ta yi tambaya tana kallon hanya, wai gaskiya ne a can ruwan sama ba ya ɗaukewa, mutane kuma doya suke ci safe da dare. Kyauta ta ce haka aka ce, ita ma ba ta gani ba. Yarinyar ta ce mutumin nan da ya zo da keke, yara sun bi shi har bayan gari, shi kuma bai kore su ba, har ya ɗora ɗan Amadu ya zagaya da shi. Ta yi 'yar dariya. Sai ta tofar da ƙwallon.

"Yaya, tahiya za ki yi?"

Ba wanda ya tambaye ta haka kai tsaye, ko Imoru. Kyauta ta dubi gabas inda motar za ta kai ta Konni, ta dubi ƙafafun yarinyar, man shanun ya fara aiki, tsagar ta rufe rabi.

"Tahiya za ni yi," in ji ta.

Yarinyar ta gyaɗa kai. Ta ce to a riƙa rufe wa Ladi kai in ana ruwan, tana saurin mura. Kyauta ta ce za a rufe.

Suka ci gaba da tsayuwa. Wani mai raƙumi ya wuce, suka gaisa. Ƙafafun Kyauta suka gaji ta tsuguna, yarinyar ta tsuguna nesa kaɗan, goyon na barci. Sai can wani kamyo ya taso daga yamma, shaƙe da buhuna da mutane a kai. Kyauta ta ɗaga hannu. Yarinyar ta juya mata baya, ta sunkuya, Kyauta ta zare Ladi da ɗuminta, ta mayar bayanta, ta ɗaure. Wani fasinja ya miƙo hannu ya ja ta sama, wata mata ta matsa mata wuri tsakanin buhu biyu.

Da motar ta tashi ta waiga. Yarinyar ta riga ta kama turba, tana sauri, don lokacin shigo da awaki ya yi. Matar da ke kusa ta tambaye ta ko ɗiyarta ce wannan da ta rako ta. Kyauta ta ce ɗiyar gidan da ta je ce. Ta jingina kai da buhu, ta rufe ido, tana tunanin igiya nawa za ta ishi turmi da tukwane.